Hanyar da Zafi da Sanyi ke Bi Daga Fuska Zuwa Ƙwaƙwalwa

Harshen Hausa yana amfani da kalma ɗaya, wato zafi, wajen faɗin abin da mutum ke ji idan ya tsaya a rana cikin watan Afrilu, da kuma abin da yake ji idan ƙaya ta soke shi ko haƙori ya tasa shi a gaba da tsakar dare. Wannan haɗin da harshe ya yi ya zo daidai da yadda aka gina jikin ɗan Adam, domin masana sassan jiki sun tabbatar da cewa saƙon raɗaɗi da saƙon ɗumi da sanyi hanya ɗaya suke bi zuwa ƙwaƙwalwa, alhali saƙon taɓawa yana da tasa hanyar dabam. A fuska ne wannan rabuwar hanya ta fi ɗaukar hankali, saboda saƙon zafi da sanyi da ya taso daga kunci ko goshi ba ya hawa sama kai-tsaye kamar yadda hankali zai ɗauka, sai ya fara gangarawa ƙasa har zuwa saman wuya, sannan ya ƙetara zuwa ɗaya ɓangaren ya kama hawa. Wannan zagayen na 'yan santimitoci shi ne mabuɗin fahimtar wasu cututtuka da kan rikita iyalai, wani lokacin har da ma'aikatan lafiya.

A Rijiyar Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, inda gidaje da gonakin gero da dawa suka cuɗanya a bakin hanyar Gwarzo, fuska ce ɓangaren jikin da ya fi shan yanayi, tun da hula da mayafi da riga suna rufe sauran jiki su bar ta a fili. Ita ce ke karɓar iskar hunturu mai tsattsage leɓe a watan Disamba da Janairu, ita ce ke fara jin ruwan alwalar asuba da ya kwana a buta, kuma idan mata suna shiƙa bayan sussuka, cikin idonta ƙaiƙayi ke faɗawa. Duk waɗannan, har da yajin da ke sa hanci zuba da zogin haƙorin da ya rube, jijiya ɗaya ce ke ɗauke da labarinsu a kowane ɓari na fuska. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa kalmar jijiya a Hausa tana nufin abubuwa fiye da ɗaya, don haka a wannan bayani za a kira wadda ke ɗauke da ji da umarni jijiyar saƙo, wadda jini ke gudana a cikinta kuwa jijiyar jini.

Jijiyoyin saƙo da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa kai-tsaye ba tare da sun bi ta laka ba tagwaye goma sha biyu ne, kuma ta biyar a cikinsu, wadda ta fi duka kauri, ita ce likitoci ke kira tirijeminal, kalmar Latin da ke nufin 'yan uku, saboda ta rabu gida uku. Reshen farko yana kula da goshi da fatar ido ta sama da ƙwayar ido da doron hanci da fatar kai har zuwa tsakiyarsa, na biyu yana kula da kunci da leɓen sama da haƙoran sama da ganda, na uku kuma yana kula da leɓen ƙasa da haɓa da haƙoran ƙasa da kashi biyu cikin uku na gaban harshe, kuma a cikinsa ne zaren da ke motsa naman tauna suke. Kowane reshe yana shiga ƙoƙon kai ta tasa kafar, su haɗu a wani ƙulli da ke kwance a ƙasan ƙoƙon, wanda aka raɗa wa sunan Johann Gasser, malamin ilimin sassan jiki a Biyana, bayan da ɗalibinsa Anton Hirsch ya bayyana shi a 1765. Akwai ɗan wuri a kusurwar muƙamuƙi, ƙasa da kunne, wanda ba ya ƙarƙashin wannan jijiya, domin jijiyoyin wuya ne ke kula da shi, kuma likita mai lura yakan yi amfani da wannan iyakar wajen gane ko matsalar ta jijiyar 'yan uku ce.

A ƙarshen zaren, cikin fata da dasashi da ƙwayar ido, akwai wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin halitta waɗanda ke buɗewa idan yanayi ya kai wani mataki. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano ɗaya daga cikinsu, wadda ke buɗewa idan zafi ya haura kimanin digiri 43 a ma'aunin Salsiyas, kuma ita ce dai sinadarin da ke cikin barkono da attarugu ke buɗewa, abin da ya sa baki ke jin yaji tamkar wuta ko da miyar ta huce. A 2002 aka gano takwararta ta sanyi, wadda sinadarin na'a-na'a ke buɗewa, kuma wannan bincike ne ya kai Julius da Ardem Patapoutian ga lambar Nobel ta fannin likitanci a 2021. Zaren da ke ɗauke da waɗannan saƙonni sirara ne ƙwarai, iri biyu, wasu da ɗan rufi mai maiƙo da ke sa saƙo gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa, wasu kuma tsirara da ba sa wuce mita 2 a daƙiƙa, shi ya sa wanda ya kurɓi kunu mai tafasa yake fara jin suka mai kaifi, sannan raɗaɗi mai daɗewa ya biyo baya.

Daga ƙullin Gasser, jijiyar tana shiga wani sashe da za a iya kira kututturen ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ya haɗa ƙwaƙwalwa da laka kamar yadda kututture ke haɗa rassan itace da saiwa. Tsawonsa bai fi na yatsa ba, amma ta cikinsa dukan saƙonnin da ke hawa da umarnin da ke sauka suke wucewa, kuma a nan cibiyoyin numfashi da bugun zuciya da haɗiya suke. Hawa uku ne da shi: na sama shi ne tsakiyar ƙwaƙwalwa, na tsakiya shi ne fons, kalmar da ke nufin gada, na ƙasa kuwa shi ne medula, wadda ke zarcewa ta zama laka a daidai ƙeya. Jijiyar 'yan uku ta gefen gadar take shiga, kuma da shigarta sai a rarraba kayan da ta ɗauko. Saƙon da ke faɗa wa ƙwaƙwalwa ƙarfin da muƙamuƙi ke taunawa da shi, wanda ke sa mutum ya saki da sauri idan ya ci karo da tsakuwa a cikin wake, yana nufar hawan sama. Saƙon taɓawa mai tantancewa yana tsayawa nan cikin gada, a wata cibiya da ake kira babbar cibiyar ji. Saƙon raɗaɗi da na ɗumi da sanyi kuwa yana juyawa ƙasa a cikin wani dami na zare, ya bi gefen medula, ya gangara har zuwa gaɓa ta biyu ko ta uku ta lakar wuya, yana sauke kayansa a wata doguwar cibiya da ke kwance a gefen damin. A 1950 Jerzy Olszewski, wanda ya yi aiki a Montiriyal ta Kanada, ya nuna cewa wannan doguwar cibiya kashi uku ce, kuma kashin ƙasa, wanda gininsa ya yi kama da na sashen laka mai karɓar raɗaɗin sauran jiki, shi ne ya fi ɗaukar nauyin zafi da sanyin fuska.

Daga wannan cibiya sabon zare yake tashi, ya ƙetara zuwa ɗaya ɓarin, ya hau zuwa talamus, wadda ita ce babbar tashar da kusan kowane irin ji ke yada zango a tsakiyar kai, daga nan kuma a miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa, inda mutum yake sanin cewa kuncinsa na dama ne ke zafi. Taswirar da Wilder Penfield da Edwin Boldrey suka wallafa a 1937 ta nuna cewa leɓe da harshe da fuska sun ci fili mai faɗi a wannan ɓawon, fiye da abin da baya gaba ɗayansa ya samu. Sauran jiki kuwa, daga wuya zuwa ƙasa, tsarinsa dabam ne ta fuska ɗaya mai muhimmanci, domin saƙon raɗaɗi daga hannu ko ƙafa yana ƙetarawa ne tun a cikin laka, kusa da inda ya shiga, ya hau ta ɗaya ɓarin. Sakamakon haka shi ne, a gefen medula na hagu akwai hanyoyi biyu da ke maƙwabtaka: ɗaya tana ɗauke da zafi da sanyin fuskar hagu, wanda bai riga ya ƙetara ba, ɗayar kuma tana ɗauke da zafi da sanyin jikin dama, wanda ya ƙetara tun daga ƙasa.

Wannan maƙwabtakar ce ke bayyana wata cuta da ke ɗauke da sunan Adolf Wallenberg, likita a birnin Danzig, wanda yau ake kira Gidansk, da ya bayyana alamominta a jikin wani majiyyaci a 1895, sannan a 1901 ya tabbatar da gurbin da ya lalace bayan rasuwar majiyyacin. Jinin da ke ciyar da gefen medula yana zuwa ne daga jijiyar jini da ke hawa ta cikin ƙasusuwan wuya, da kuma reshenta da ke zagayawa zuwa ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, kuma idan ɗaya daga cikinsu ta toshe, wurin da ke mutuwa yakan kasance bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Sai dai a cikin wannan ɗan wuri abubuwa da yawa suka cunkushe. Mutum yakan ji jiri mai tsanani da amai, ya riƙa karkata gefe ɗaya idan ya tashi tafiya, muryarsa ta dushe, haɗiya ta gagare shi har ya riƙa ƙwarewa da yawunsa, fatar ido ɗaya ta ɗan sauko, sau da yawa kuma shaƙuwa ta kama shi kwana da kwanaki ba ta saki ba. Alamar da ta fi kowace nuna gurbin ita ce ta ji: ɓarin fuska ɗaya ya daina bambance ruwan ɗumi da na sanyi, ya daina jin sukar allura, haka ma hannu da ƙafa da gangar jiki na ɗaya ɓarin.

Gwajin da ke fito da wannan alama ba ya buƙatar na'ura. Likita yakan ɗauki auduga ya shafa a goshi da kunci da haɓa, dama da hagu, majiyyaci ya ce ya ji duka, domin cibiyar taɓawa tana can sama cikin gada, cutar ba ta kai gare ta ba. Sai ya ɗauki kwalabe biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da ruwan randa, ya ɗora a kuncin hagu, majiyyaci ya ce ya ji an ɗora abu amma bai san ko mai ɗumi ne ko mai sanyi ba, a kuncin dama kuwa ya faɗa daidai nan take. Idan aka sauko hannu sai lamarin ya juye, hagu ya gane, dama ya kasa. Wanda ya san hanyoyin nan biyu, da ganin haka ya san cewa matsalar tana gefen hagu na medula, tun kafin a ɗauki hoto.

Abin damuwa a nan shi ne yadda wannan cuta ke ɓoye kanta ga iyali. Abin da jama'a suka sani da shanyewar ɓarin jiki shi ne hannu da ƙafa su mutu, baki ya karkace, amma a cutar Wallenberg ƙarfin gaɓoɓi yakan kasance yana nan, saboda hanyar da ke ɗauke da umarnin motsi ta gaban medula take bi, kusa da tsakiya, inda wata jijiyar jini dabam ke ciyarwa. Don haka dattijon da ya dawo daga gona da jiri da amai da shaƙuwa, yana iya damƙe hannun ɗansa da ƙarfi, sai a ɗauka zazzaɓi ne ko rana ce ta buge shi, a yi ta ɗura masa kunu da jiƙo cikin tausayi, alhali maƙogwaronsa ya daina rufe hanyar iska yadda ya kamata. Abin da ya zarce cikin huhu yana haddasa ciwon huhu, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan cuta, ga shi kuma da yawansu suna samun sauƙi sosai idan aka tsare su daga wannan haɗari a makonnin farko. Jiri na farat ɗaya da ya zo tare da dushewar murya ko ƙwarewa, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari ko mai shan taba, dalili ne na dakatar da ba da komai ta baki da kuma garzayawa babban asibiti a ranar, kuma mutanen Rijiyar Zaki suna da sa'ar kusanci da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Yana da kyau a sani cewa hoton kai na siti sikan yakan kasa nuna ƙaramin rauni a wannan lungu da ƙashi ya kewaye, hoton maganaɗisu da ake kira em-ar-ai ne ya fi fito da shi.

Likitocin tiyata sun taɓa amfani da wannan rabuwar hanya da gangan. A 1938 Olof Sjöqvist na ƙasar Suwidin ya bayyana aikin da yake yi wa masu matsanancin ciwon fuska, inda yake yanke damin zaren da ke gangarawa a gefen medula, sai raɗaɗi da jin zafi da sanyi su ɗauke, taɓawa kuwa ta saura. Tun kafin haka, a 1914, Jules Dejerine na Faransa ya lura cewa idan cuta ta ci doguwar cibiyar daga ƙasa tana hawa, rashin jin yakan fara daga gefen fuska kusa da kunne, ya riƙa matsowa zobe-zobe zuwa hanci da baki, kamar ɓawon albasa, tsarin da ya saɓa wa iyakokin rassan nan uku.

Doguwar cibiyar tana da wata ɗabi'a da ta shafi kusan kowa, ko da bai taɓa yin wata babbar cuta ba, wato zare daga wurare dabam-dabam sukan sauke saƙonsu a kan ƙwayar halitta ɗaya, har ƙwaƙwalwa ta kasa tantance inda saƙon ya fito. Shi ya sa mai ciwon turmin haƙori na ƙasa yakan ji zogin a kunne, wani ya nuna haƙorin sama alhali na ƙasa ne ya rube, mai ciwon maƙogwaro kuma ya yi ta sosa kunne, tun da wasu zare daga maƙogwaro da kunne ma nan suke sauka. Haka nan ƙasan cibiyar ya haɗu da inda jijiyoyin saman wuya ke shiga, don haka ciwon da ya taso daga wuyan ɗan dako ko mai ɗaukar itace a ka yana iya bayyana a goshi ko bayan ido. Naman ƙwaƙwalwa shi kansa ba ya jin raɗaɗi, rufinta da jijiyoyin jininta ne ke ji, kuma mafi yawansu reshen farko na jijiyar 'yan uku ne ke kula da su, wanda ta nan ne ciwon ɓarin kai ke samun hanyarsa.

Akwai kuma ciwon da ke tasowa daga daidai inda jijiyar ke shiga gada, wanda likitan Faransa Nicolas André ya rubuta a kansa a 1756, John Fothergill na Landan kuma ya yi masa cikakken bayani a 1773. Yakan zo kamar jan wutar lantarki a ɓari ɗaya na fuska, galibi a kunci ko muƙamuƙi, ya ɗauki daƙiƙoƙi kaɗan zuwa minti biyu ya saki, ya sake dawowa, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, mata fiye da maza. Abin da ke tayar da shi ƙanƙani ne: shafa ruwa a fuska wajen alwala, goga asuwaki, tauna lomar tuwo, magana, ko iskar hunturu ta bugi kunci. Mai wannan ciwo yakan rufe ɓarin fuskarsa da mayafi, ya daina wanke wurin, ya rame saboda tsoron tauna, kuma abin takaici shi ne da yawa sukan rasa haƙora lafiyayyu ɗaya bayan ɗaya a hannun mai cire haƙori kafin a gane cewa tushen ciwon yana cikin kai. A mafi yawan lokuta wata jijiyar jini ce ta lanƙwaso ta kwanta a kan jijiyar saƙon, bugunta na shekaru ya cinye rufin zaren, har saƙon taɓawa ya riƙa tsallakawa cikin zaren raɗaɗi. Magungunan ciwo na yau da kullum ba sa yi masa komai, amma tun 1962 aka gano cewa kabamazafin, wanda maganin farfaɗiya ne, yana kwantar da shi ga mafi yawan masu shi, sai dai likita ne ya kamata ya rubuta shi ya kuma bi sawu, saboda yana iya kawo jiri da ƙuraje masu haɗari. Ga wanda magani ya kasa, akwai tiyatar da Peter Jannetta na Amurka ya yaɗa daga 1967, inda ake ɗaga jijiyar jinin a saka ɗan matashi tsakaninta da jijiyar saƙon.

Ido ne wurin da amfanin raɗaɗi ya fi fitowa fili. Farfajiyar ƙwayar ido, wato gilashin da ke gaban baƙin, tana cikin wuraren da zaren ji suka fi yawa a jiki, kuma idan ƙaiƙayi ya taɓa ta, saƙo yana bi ta reshen farko zuwa doguwar cibiyar, daga nan a aika wa cibiyoyin jijiya ta bakwai, mai motsa naman fuska, a ɓarin dama da na hagu, sai idanu biyu su ƙifta tare, hawaye su zubo, tun kafin mutum ya san abin da ya faru. Wannan kariya tana iya karyewa a cikin kututturen ƙwaƙwalwa, kamar a cutar Wallenberg, tana kuma iya karyewa tun daga waje, kamar a kuturta, wadda ƙwayar cutarta, da Gerhard Hansen ya gano a 1873, ta fi son wuraren jiki masu sanyi, tana cin ƙananan jijiyoyin saƙo, kuma jin ɗumi da sanyi ne yakan fara tafiya. Asibitin Yadakunya, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Ungogo ɗin nan, ya daɗe yana kula da masu wannan cuta tun zamanin Turawa, kuma ma'aikatan irin waɗannan asibitoci sun san cewa idon da ba ya jin ƙura yakan yi gyambo ba tare da mai shi ya koka ba. Saboda haka ake koya wa wanda ya rasa jin ido ya riƙa duba idonsa a madubi kowace safiya, ko ya sa wani na gida ya duba masa ko ya yi ja, ya riƙa ƙiftawa da gangan, ya sa tabarau a lokacin hunturu da lokacin shiƙa, ya rufe idon da tsumma mai tsabta idan zai kwanta in fatar ba ta rufuwa. Wanda kuma rashin jin ya shafi hannunsa ko kuncinsa, ana koya masa ya gwada ruwan wanka da na alwala da ɓarin da ke ji, ya kuma ja baya daga wutar da ake jin ɗumi a kanta da asubar hunturu.